Tor da ƙofofinta biyu: abin da ya kamata ku sani kafin a miƙa wa shafin intanet mabuɗi

Wanda ya sayi gishirin Awe a kasuwar Lafiya bai san matar da ta dafa shi ba. Ita ma matar, wadda ta kwashe ƙasar gishiri da rani, ta tace, ta wuni tana iza wuta, ba ta san a miyar gidan wa zai ƙare ba. Ta dai san dillalin da ya saya a hannunta. Dillalin ya san direban da ya ɗora wa kaya, direban kuma ya san ɗan kasuwar da ya sauke wa. Kowa ya san na bayansa da na gabansa, iyakar saninsa ke nan. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin manhajar da ake kira Tor.

A intanet ta yau da kullum ba haka abin yake ba. Duk shafin da ka buɗe yana ganin lambar adireshin da ka fito daga gare ta, wadda ake kira IP. Kamfanin layinka yana ganin inda ka nufa. Layin kuwa, tun daga umarnin da gwamnati ta bayar a Disambar 2020, an ɗaure shi da lambar NIN, wato da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. Mutane da yawa ba su damu da wannan ba sai a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, kamfanonin waya suka toshe shi, ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin a gurfanar da masu kewaye toshewar. Wata bakwai aka yi a haka, sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. A wannan tsakanin ne kalmar VPN ta shiga bakin matasa daga Kano har Lafiya, wasu kuma suka fara jin sunan Tor.

Bambancinsu babba ne. VPN dillali ɗaya ne: ya san ka, ya san inda kayanka suka tafi, sai dai ka amince ba zai faɗa ba. Tor kuwa tana bi da saƙonka ta kwamfutoci uku na 'yan sa-kai, galibi a ƙasashe daban-daban. Kafin saƙon ya bar hannunka ana kulle shi sau uku, ɓawo a kan ɓawo, kamar albasa, wato onion a Turance, daga nan ma sunan ya samo asali. Kwamfuta ta farko ta san daga wurinka saƙo ya fito, amma ba ta san inda za shi ba. Ta tsakiya ba ta san mafari ko maƙura ba. Ta ƙarshe, wadda za mu kira mafita, ta san shafin da za ta kai wa, amma ba ta san wanda ya aiko ba. Dabarar ta fito ne daga cibiyar binciken rundunar sojan ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, a hannun Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag. A 2002 Roger Dingledine da Nick Mathewson tare da Syverson suka kunna Tor ɗin da muka sani, a 2006 kuma aka kafa ƙungiyar Tor Project da ke kula da ita. Yau dubban kwamfutocin 'yan sa-kai ne ke ɗauke da zirga-zirgar, kyauta. Facebook ya buɗe adireshinsa na cikin Tor a 2014, BBC ta buɗe nata a 2019 domin masu sauraro a ƙasashen da ake toshe ta.

Yawancin mutane ta burauza suke shiga Tor: su sauke Tor Browser, su buɗe, shi ke nan. Abin da nake so mu duba ya wuce wannan, kuma ya shafi har wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba. Akwai lokacin da ba mutum ne ke riƙe da akalar Tor ba, shafin intanet ne da kansa.

A ce wata ƙungiyar matasa a Awe tana bibiyar ayyukan mazaɓu: rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa ba a haƙa ba, ajin makaranta da aka biya kuɗinsa aka bar shi ba rufi. Suna so ma'aikacin da ya ga takardar biya ya turo musu ba tare da an gane shi ba. Sai su nemi wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Jami'ar Tarayya ta Lafiya ya gina musu shafi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Disambar 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta fito da tsarin ba masu kwarmata bayanai lada, a 2018 kuma wasu kafafen labarai na Najeriya, ciki har da Premium Times da TheCable, suka haɗu suka buɗe Leaks.ng domin karɓar takardu a ɓoye. A Amurka mujallar New Yorker ta fara irin wannan a 2013 da manhajar da marigayi Aaron Swartz ya rubuta tare da ɗan jarida Kevin Poulsen, wadda daga baya ta zama SecureDrop. Irin waɗannan akwatunan asiri galibi a kan Tor suke tsaye.

Shi ɗalibin namu zai yi hayar saba, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta ba dare ba rana. Kusan tabbas Linux ce za ta kasance a kanta, tsarin da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 bisa tafarkin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka assasa a 1969. Shafin kuma mai yiwuwa da PHP zai rubuta shi, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, wanda WordPress ma da shi aka gina. Idan ya girka Tor a kan wannan saba, ba zai ga taga ko maɓalli ba. Tor za ta zauna shiru a bayan fage tana jiran a ƙwanƙwasa mata. Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa kuwa biyu ne, kuma duk zancen nan a kan bambancinsu yake.

Ta farko lambarta 9050. Ita ce ƙofar aike. Manhaja ta miƙa saƙo ta nan, Tor ta ɗauka ta bi da shi ta kwamfutocin nan uku, ta dawo da amsa. Mai amfani da wannan ƙofa kamar mai ba direba kaya ne a tasha: bai da iko da motar. Ko a nan akwai wani tuntuɓe da ya kayar da mutane da yawa. Kafin kwamfuta ta je kowane shafi sai ta tambayi lambar adireshinsa, kamar baƙon da ke tambayar gidan wane a bakin hanya. Idan mai rubuta manhaja bai lura ba, tambayar za ta fita ta hanyar yau da kullum, saƙon kaɗai ne zai bi ta Tor. Ka ga an ɓoye tafiya amma an riga an sanar da unguwa inda za a. Maganin harafi ɗaya ne: inda manhajar ke ambaton ƙofar aike, a rubuta socks5h maimakon socks5, sai tambayar ma ta bi ta cikin Tor.

Ƙofa ta biyu lambarta 9051, kuma a rufe take sai mai saba ya buɗe ta da hannunsa a cikin fayil ɗin tsare-tsaren Tor, mai suna torrc. Wannan ita ce ƙofar iko. Ana magana da ita da gajerun kalmomi a rubuce, layi bayan layi, shi ya sa ko 'yar ƙaramar manhajar PHP mai layi goma za ta iya. Manhajar ta buɗe ƙofar, ta aika kalmar AUTHENTICATE tare da kalmar sirri. Idan ta dace Tor ta amsa da 250 OK, idan ba ta dace ba ta amsa da 515 ta rufe ƙofa. Daga nan umarnin da aka fi aikawa shi ne SIGNAL NEWNYM, ma'anarsa: daga yanzu sababbin saƙonni su bi sabuwar hanya. Akwai kuma ADD_ONION, wanda nan take ke ƙirƙiro adireshin cikin Tor, mai haruffa 56 da ke ƙarewa da .onion, wanda mutum zai ziyarta ba tare da shi ko sabar sun ga adireshin juna ba. Da irin wannan umarni OnionShare ke aiki, manhajar da Micah Lee ya fitar a 2014 domin aika fayil kai tsaye tsakanin mutum biyu.

Akwai rashin fahimta mai yawa game da NEWNYM. Sunan yana sa mutum ya ɗauka ya zama sabon mutum, alhali hanya kawai aka sauya. Haɗin da yake a buɗe yana nan a kan tsohuwar hanyarsa. Ba a yi alkawarin mafita za ta bambanta ba, don ana iya sake faɗawa kan wadda aka baro. Kwamfutar farko ba ta sauyawa, Tor tana riƙe ta na tsawon watanni da gangan, don yawan sauya ta na ƙara yiwuwar faɗawa hannun mai leƙen asiri. 'Yan alamomin da shafuka ke liƙa wa baƙo don su gane shi idan ya dawo suna nan ba a goge ba. Tor ba ta ma karɓar umarnin fiye da sau ɗaya cikin kamar daƙiƙa 10, kuma ko ba a ce mata komai ba, tana daina ɗora sabon saƙo a kan hanyar da ta yi minti 10 tana aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne sauran abubuwan da ƙofar iko ke iya yi, waɗanda mai neman NEWNYM kaɗai ba ya tunawa da su. Wanda ya samu shiga 9051 yana iya tambayar Tor ainihin adireshin sabar. Yana iya cewa a riƙa sanar da shi duk shafin da aka nufa, ɗaya bayan ɗaya. Yana iya sauya tsare-tsare ya ce duk saƙo ya bi ta kwamfutocin da shi ya zaɓa, wato nasa. Yana iya kashe Tor ɗungurungum. Babu rabin izini a wannan ƙofa. Wanda ta buɗe wa, ta buɗe masa gidan duka, daga zaure har ƙuryar ɗaki.

Yanzu a duba wanda ake shirin miƙa wa wannan mabuɗi. Shafin intanet shi ne ɓangaren saba da ke fuskantar duniya. Kowa na iya zuwa ya cika fom, ya tura fayil, ya gwada rubuta abin da ba a zata ba. Dare da rana akwai manhajoji masu yawo suna laluben shafukan da ke da ɓaraka, ba ruwansu da ko na banki ne ko na ƙungiyar unguwa. Masu tsara sabar Linux sun san da haka, shi ya sa suka raba iko. A kan nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu, shafi yana gudana ne a ƙarƙashin wani asusu mai ƙarancin iko da ake kira www-data, Tor kuma tana ƙarƙashin nata asusun, debian-tor. Hikimar ita ce idan ɓarawo ya fasa shago, kada ya tarar da ƙofar cikin gida a buɗe. Ranar da aka rubuta kalmar sirrin ƙofar iko a cikin fayil ɗin PHP, an huda wannan katanga. Duk wanda ya fasa shafin ya samu Tor a hannu.

Mafi muni shi ne gajeriyar hanyar da gajiya ke jawowa. Ɗalibi ya gwada, saba ta ce ba shi da izini. Ya sake gwadawa, ta sake ƙi. Dare ya yi, data na ƙarewa. Sai ya ba www-data damar yin umarni da sudo, wato da cikakken iko, ba tare da kalmar sirri ba, don shafin ya riƙa kashe Tor yana kunnawa, ko ya buɗe ƙofar iko ba kalmar sirri ko kaɗan, ko ya sa ta saurari duk duniya maimakon 127.0.0.1, adireshin da ke nufin cikin wannan kwamfutar kaɗai. Aiki zai yi, kuma ba wanda zai ga aibun a fuskar shafin. Ina jin tausayin mai yin haka, don sau da yawa ba shi da wanda zai tambaya, amma wanda zai biya kuɗin kuskuren ba shi ba ne. Ma'aikacin da ya turo takarda ne.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A Agustan 2007 masu Tor sun fitar da gyaran gaggawa saboda an gano cewa shafin mugunta na iya sa burauzar mutum ta aika umarni zuwa ƙofar ikon da aka bari ba kalmar sirri, har a sake rubuta fayil ɗin torrc. A wannan shekarar ce kuma wani ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa mafitu nasa ya tattara kalmomin sirrin imel na ofisoshin jakadanci da makamantansu, ya wallafa kusan 100, saboda masu su sun bi ta Tor amma ba su kulle saƙon tsakaninsu da inda za shi ba. Mafita tana ganin abin da ke cikin kaya idan ba a ɗaure shi ba, shi ya sa adireshin da ya fara da https yake da muhimmanci ko a cikin Tor. Wani kuskuren kuma na Apache ne, manhajar da ke miƙa shafuka ga baƙi. Tana da wani shafin rahoto da aka tsara ba mai ganinsa sai wanda ke cikin kwamfutar. To amma baƙon da ya shigo ta adireshin .onion, a idon Apache daga cikin kwamfutar ya fito, tunda Tor ce ta miƙo shi. An samu shafukan ɓoye da dama da wannan rahoto ya tona musu asiri, yana nuna abin da baƙi ke nema.

To yaya mai hankali zai yi? Tambayar farko ita ce ko ana ma buƙatar ƙofar ikon. Sau da yawa ba a buƙata. Adireshin .onion na dindindin layi biyu ne a cikin torrc, ba sai shafi ya taɓa komai ba. Idan kuma abin da ake so shi ne ayyuka daban-daban su bi hanyoyi daban-daban, Tor tana yin haka ta ƙofar aike: duk saƙon da ya zo da suna da kalmar wucewa dabam, tana ware masa hanyarsa. Idan lallai sai an buɗe ƙofar iko, a tsare ta a cikin kwamfutar, a sa mata kalmar sirri. Tor da kanta ke niƙa kalmar ta ba da wani dogon rubutu da ake ajiyewa a torrc, ta yadda wanda ya karanta fayil ɗin ba zai ga ainihin kalmar ba. Akwai kuma hanyar da Tor ke ajiye wani ɗan fayil na sirri wanda sai asusun da aka yarje wa ne zai iya karantawa. Mafi kyau duka, kada shafin ya riƙe mabuɗi ko ɗaya. A sa wata 'yar manhaja a tsakani, kamar mai gadi a bakin zaure, wadda ba ta karɓar komai daga shafin sai buƙata ɗaya tak da aka ƙayyade. Tsarin Tails da na Whonix, waɗanda aka gina a kan Tor, haka suke yi, da wata matata mai suna onion-grater da ke tace umarnin da zai wuce.

Shawarata ga ƙungiyar da ke son akwatin asiri ita ce kada ta sa a ƙera mata sabo. Manhajojin akwatin asiri irin su GlobaLeaks da SecureDrop kyauta ne, masana sun shekara suna binciken ɓarakarsu ana toshewa. Ɗalibin da ya koyi girka ɗaya daga cikinsu da kyau ya fi amfani ga al'ummarsa a kan wanda ya rubuta nasa cikin mako guda.

Dole kuma a faɗi wani abu da ba shi da daɗi. Da yawa daga masu neman yadda PHP za ta sauya musu adireshi ba masu kare wani ba ne. Wani so yake ya jefa ƙuri'a sau dubu a gasar intanet, wani ya yi rajista da sunaye barkatai a shafin tallafi, wani ya riƙa gwada kalmomin sirrin mutane. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma bi ta Tor bai halatta shi ba. Dabarar ma ba ta cika ci ba, don jerin adiresoshin mafitu a fili yake, kowane mai shafi na iya saukewa ya toshe su gaba ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne a rufe ƙofa ga kowa, har da ɗan jaridar da ke buƙatarta da gaske. A 2013 wata muguwar manhaja ta kama miliyoyin kwamfutoci ta sa su bi ta Tor, adadin masu shiga ya tashi daga ƙasa da miliyan ɗaya zuwa sama da miliyan biyar cikin makonni, kwamfutocin 'yan sa-kai suka yi nauyi. Rijiyar gari ce, mai wanke mota a bakinta ya cuci masu ɗiban na sha.

Ga wanda zai turo takarda kuwa, akwai abubuwan da Tor ba ta ɓoyewa ko da an girka ta daidai. Kamfanin layi ba ya ganin inda ka nufa, amma yana iya ganin cewa Tor kake amfani da ita, sai dai idan ka bi ta mashigai na ɓoye irin su obfs4 ko Snowflake, waɗanda ke cikin Tor Browser. A babban birni wannan ba wani abu ba ne, a ƙaramin gari kuwa mai amfani da Tor na iya zama ƙwaya ɗaya a faranti. Hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗauke da samfurin wayar da lokaci, wani lokacin har da wurin da aka tsaya. Sannan akwai abin da ba manhajar da ke magancewa: idan mutum uku ne kaɗai suka ga takardar a ofis, ba a buƙatar adireshin IP kafin a fara zargi. Salon rubutunka ma shaida ne a wurin da kowa ya san yadda kowa ke magana. Idan kuma aka kashe sabis baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, ko a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, Tor ba ta da hanyar da za ta bi, don a kan intanet ɗin take tafiya. Inda sabis ke da rauni kuma tafiyar za ta yi nauyi, tunda saƙo sai ya zaga ƙasashe kafin ya iso, don haka hoton takarda mara nauyi ya fi bidiyo saurin wucewa.

Masu koyon sana'ar su san cewa ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu. A Oktoban 2021 aka daina amfani da tsofaffin adiresoshin .onion masu haruffa 16, duk darasin da ka gani yana koyar da su ya tsufa, kuma mai yiwuwa sauran shawarwarinsa ma sun tsufa. Tor ta asali da harshen C aka rubuta ta, amma ƙungiyar tana sake gina ta da harshen Rust a ƙarƙashin sunan Arti, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a Satumbar 2022. Arti ba ta gaji tsohuwar ƙofar 9051 yadda take ba, an tsara mata wata hanyar karɓar umarni dabam. Manhajar PHP da aka rubuta yau tana aika SIGNAL NEWNYM za ta ci gaba da aiki muddin tsohuwar Tor ce a kan sabar, ranar da aka koma Arti kuwa sai an sake zama an rubuta ta.